Waɗanda Suka Huɗe Gonar Kudu

Dorland, Iowa
Lahadi, 12 ga Nuwamba, 1989

Zuwa ga Yayata Renae,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aikin asibiti, yaya sanyin Sioux Falls? Ki shafa mini kan Tessa, ki ce mata kawunta bai manta da littafin tsuntsayen da ya yi mata alkawari ba.

Za ki ga hatimin gidan wayar garinmu a kan ambulan, ba na jami'a ba. Ina gida tun ranar Juma'a. Na daɗe da alƙalami a hannu kafin in fara, domin ba na son in rubuta abin da ban tabbatar ba. Abin da na tabbatar ɗaya ne: an huɗe gonar kudu.

Kin san gonar, amma bari in tuna miki abin da take gare ni, don ki auna abin yadda nake auna shi. Shekara uku ke nan da Baba ya ba ni eka arba'in ɗin nan na gangare, in yi binciken digirina na biyu a kansu. Rabi muna noma shi yadda kowa yake yi. Ɗaya rabin kuwa ba a sa masa garma ko kaɗan, kuma kafin a girbe masara nakan watsa hatsin rai, wani hatsi mai jure sanyi, a ƙarƙashinta, ya rufe ƙasa har bazara, kada ruwa ya wanke ta zuwa rafi. Duk darajar aikin tana cikin rashin taɓa ƙasar. Awon ƙarshe, wanda kundina ya dogara a kansa, sai ƙanƙara ta narke za a yi shi. In na gama a kan lokaci, ina da damar samun sabon gurbin malamin gona da gundumarmu za ta buɗe da damina, mai kula da noman da ba ya cinye ƙasa. Saboda wannan gurbin na koma makaranta, kin sani.

Na iso da yamma da kayan ɗibar ƙasa a bayan mota. Daga kan tudun makabarta na saba hango fegena kore shar a tsakiyar baƙaƙen gonaki. Ranar nan ban hango komai ba. Daga shinge zuwa shinge ƙasa ce baƙa, an kife ta, an binne hatsin da aikin shekara uku a ƙarƙashinta.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Turakun da na kafa don raba fegi da fegi, ba a karya ko ɗaya ba. An cire su, an wanke lakar da ke jikinsu, an ɗaure su dami-dami da igiyar ingirici, an jingine su a jikin ƙofar shinge. Wanda ya yi ɓarna cikin fushi ba ya tsayawa wanke katako. Ni dai a ganina wannan ɗaurin saƙo ne: kwashe kayanka ka koma inda ka fito.

Na sami Baba a kujerarsa ta gefen taga. Na ce, "Baba, an huɗe gonar kudu." Ya ce, "Na gani." Na ce, "Wane ne?" Ya dubi waje, ya ce, "Ƙasa ce, Nolan, ba gudu ta yi ba. Tana nan inda ka bar ta." Mama ta shigo da sauri tana cewa, "Ka ci abinci tukuna mana, tun daga ina ka taso." Daga nan ba wanda ya ƙara ɗaga maganar.

Ban manta ba cewa Baba bai taɓa son wannan aikin ba. Ya sha gaya mini cewa gonar da ba a huɗe ba kamar namiji ne ya shiga coci bai yi aski ba. Na kuma san a wurin shan kofi Farfesan Ciyawa suke kira na, yana ji. Amma ya ba ni kalmarsa, kuma ban taɓa ganin ya janye kalma ba. Shi ya sa ban zarge shi ba tukuna. Na ce tukuna.

In kin san wani abu, ko Mama ta ambata miki wani abu a waya, ki rubuto mini. Allah ya bar mu tare.

Ƙanenki,
Nolan Hofstra

Jami'a
Lahadi, 19 ga Nuwamba, 1989

Yaya Renae,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kuna lafiya, kuma tarin Tessa ya sauka. Takardarki ta iso ranar Alhamis, na gode. Na karanta ta sau da yawa, ba don tsawonta ba. Kin ce in yi haƙuri, in bar maganar, in mai da hankali ga karatu. Yaya, maganar ita ce karatun. Ban da haka, ke da kike cika shafi huɗu kan labarin karen maƙwabta, ban saba ganin kin taƙaita ba.

Kafin in taso ranar Litinin na sake zagaya gonar a ƙasa, wannan karon da ido irin na wanda aka koya wa duba ƙasa. Zan jera miki abin da na gani, ke ma ki yi hukunci.

Garmar Baba baki biyar gare ta, kuma na uku yana ɗan ja baya tun da ya bugi dutse, yana barin alama a kowane layi. Babu wannan alama ko'ina. Abin da yake akwai shi ne huɗa iri-iri: wata mai faɗi, wata mai zurfi, wata ta tsohuwar garma. Sawun tayoyi a bakin ƙofa ma ba na tarakta ɗaya ba ne. Na duba tankin man da ke bayan rumbu, yana nan kusan cike, ga shi an girbe masarar gida duka an huɗe ko'ina. Garmar kanta na same ta a rumfa, tsatsa a bakinta. Saboda haka ba Baba ba ne, kuma ba mutum ɗaya ba ne. Ƙungiya ce. Sun shigo da rana, ta kan titin da kowa yake bi, kuma a garin da ba a sayen sabuwar hula ba a sani ba, babu wanda ya ga komai.

Wa zai iya tara mutane haka? Suna ɗaya yake zuwa mini, kuma ina rubuta shi da nauyin zuciya: Baba Arlo Boersma, maƙwabcinmu na yamma. Shi yake sayar wa rabin gundumar takin zamani da maganin ciyawa. Aikina, in ya tabbata, cewa yake yi ana iya rage su biyun. Yana kuma cikin kwamitin da zai zaɓi malamin gonan. Bara ya tsayar da a-kori-kurarsa a bakin fegen, ya leƙo ya ce, "Ɗan boko, yaushe za a girbe ciyawar? In kawo maka awaki?" A lokacin na yi dariya. Yanzu ina sake juya maganar.

Abin da na kasa warwarewa shi ne shirun Baba. Me Baba Arlo yake riƙe da shi a kansa? Ko dai an yi maganar jinginar da gonar ne, ko sayarwa, ba a gaya mana ba?

Na sami Farfesa Okerlund, mai duba aikina, na gaya mata komai. Ta cire tabarau. Ta ce hanya ɗaya ce. In aka tabbatar ɓarna ce da gangan, da rahoton 'yan sanda a hannu, za ta iya roƙon hukumar makaranta ta karɓi kundina da sakamakon shekara biyu. In babu rahoto, sai dai in sake daga farko, gurbin kuwa ba zai jira ni ba. Ta ba ni zuwa ƙarshen zangon nan.

Ba na son in kai 'yan sanda ƙofar mutumin da ya riƙe ni a hannu ranar da aka yi mini baftisma. Zan je gida hutun Bikin Godiya na makon nan, in ƙara sa ido. Ina fata za ku zo, mu yi magana baki da baki.

Ki gaida mutanen gida.

Naki,
Nolan

Dorland
Lahadi, 26 ga Nuwamba, 1989

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata kina lafiya. Mama ta ce aiki ne ya hana ki zuwa. Na karɓa, ko da yake tun da kika yi aure ba ki taɓa fashin Bikin Godiya ba.

Zan faɗi abubuwa kamar yadda suka faru.

Mama ta aike ni ɗakin ƙasa in ɗauko wake daga firiza. Na same ta cike maƙil da kwanukan dafaffen abinci, kowanne da suna a manne a gindinsa: Boersma, Van Beek, Tiemens, matar fasto. Na ce, "Mama, kwanukan mutane fa?" Ta ce, "Na taron mata ne, rufe kada sanyi ya fita." Ta faɗa tana duban tukunya.

A tebur Baba ya miƙa mini wuƙa ya ce in yanka talotalon, wai lokaci ya yi da zan koya. Na dubi hannunsa. Fari ne tas, Yaya, babu baƙin mai ko a ƙarƙashin farce ɗaya, a ƙarshen kaka. Abincin ma juya shi kawai ya yi.

Da na tambayi Mama inda suke ranar da aka huɗe gonar, ta ce sun je kwana biyu wurin Gwaggo Wilma. To, Gwaggo Wilma tana tebur ranar Alhamis. Ana cikin cin kek ɗin kabewa ta nuna Baba da cokali ta ce, "Kai kuma Verlyn, tun rani ban ga ƙeyarka a gidana ba. Ko hanyar ce ta ƙaura?" Mama ta tashi ta ce kofi yana ƙonewa.

Yau a coci maza suna riƙe hannuna fiye da yadda aka saba, amma ba mai haɗa ido da ni. Muna fita Baba Arlo ya dafa kafaɗata. Na ce, "Baba Arlo, ina da magana da kai kan gonarmu." Ya matse kafaɗar, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kada ka ce komai, yaro. Irin wannan ba a maganarsa. Ubanka ya sani, mu ma mun sani, shi ke nan." Ya sa hularsa ya wuce. Na auna kalmomin nan ta kowace fuska a kan hanyar gida, ban sami fuskar da ba gargaɗi ba.

Yanzu ga tambayata, kuma ki gafarce ni. Ina iyayenmu suke a makon farko na watan nan? Ina jin kin sani. Kowa a garin nan yana taka-tsantsan da ni kamar mai ɗauke da ƙwai, har da ke.

Na gaya wa Farfesa zan ƙara mako a gida. Ranar Juma'a zan je ofishin 'yan sandan gunduma. In akwai dalilin da zai hana ni, kina da lambar wayar gidan nan.

Ƙanenki,
Nolan

Dorland
Lahadi, 3 ga Disamba, 1989

Yayata Renae,

Bayan gaisuwa. Ina fata kin samu kin ɗan huta, domin yanzu na san abin da kike ɗauke da shi tun watan tara.

Ba ki yi magana da ni a waya ba. Mama ta ce sau biyu kika kira kika ajiye da kika ji muryata. Na fahimta, an sa ki alkawari.

Ranar Juma'a na sa rigar kirki na kama hanyar gunduma. A gari na tsaya a wurin shan kofi na gefen rumbunan ƙungiyar manoma, domin bai dace a kai ƙarar mutum ba a gaya masa a idonsa ba. Suna nan a teburinsu na kullum: Baba Arlo, da surukinsa Gerrit Tiemens, da tsoho Pete Van Beek, da wasu.

Baba Arlo ya ce, "A'a, ga Farfesan Ciyawa! Marge, ke mai kofi, kawo wa ɗan boko kofi, amma marar takin zamani."

Ban zauna ba. Na ce, "Baba Arlo, daga nan wurin 'yan sanda zan je, kan gonar kudu. Na ga ya kamata ka ji daga bakina."

Gerrit ya ajiye kofinsa ya ce, "Me ya sami gonar kudu? Ni na yi gefen gangaren, layina a miƙe yake kamar an ja igiya. In ka ga karkace, na Pete ne. Mutumin da ba ya ganin ƙofar rumbunsa, aka ba shi garma."

Pete ya ce, "Rufe mana baki! Ina huɗa tun kana tsotson yatsa. Kai ne ka kusa kwashe shingen mutane kana cin burodi."

Suna ta wannan, ni ina tsaye. Ba haka masu laifi suke yi ba. Baba Arlo ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya dube ni da kyau, ya ce, "Tsaya. Wai ba a gaya maka ba?" Ya ɗauki hularsa ya ce, "Zo mu je mota."

A cikin a-kori-kurarsa, yana duban gilashi ba ni ba, ya gaya mini. Ya ce tun shuka suka lura layukan Baba sun fara karkacewa. Da kaka ta yi, masarar kowa ta shiga rumbu, tamu tana tsaye. Sai matar fasto ta ji cewa an kwantar da shi a asibitinku za a yi masa aiki, ciwon daji a hanji. Ba su tambayi kowa ba, kin san ba a tambaya, domin in an tambaya Baba zai ce a'a. Suka kira gayya. Injinan girbi da taraktoci suka cika titi tun da safe, kowa da mansa, mata suka kawo abinci bakin gona. Kafin a sallamo shi sun girbe, sun zuba a rumbu, sun huɗe.

Na ce, "Amma fegena? Shekara uku kuna wuce turakun nan."

Ya juyo da mamaki na gaske, ko kuma abin da ya yi kama da shi. Ya ce, "Ai mun ga ka girbe masararka a watan goma, ka auna, ka loda buhunanka ka tafi. Muka ce gwaji ya ƙare. In an girbe, me ya rage? Ciyawa ce kawai kore a bakin titi, kan hanyar coci, kowa ya wuce ya ce Verlyn ya kasa. Za mu gyara masa gona duka mu bar masa wannan abin kunya?" Turakun kuwa, Gerrit ne ya ce kayan jami'a ne, kada garma ta karya su, ya sa aka cire aka wanke.

Na yi masa bayanin abin da suka binne. Ya ce, "Kai, yaro." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ban je gunduma ba. Na dawo gida na ja kujera kusa da ta Baba. Na ce, "Na sha kofi da Baba Arlo." Ya gane. Ya ce, "Da na gaya maka wanda ya huɗe, sai ka tambayi dalili. Da ka ji dalili, sai ka bar makaranta ka dawo, saura wata shida ka gama." Na ce, "Ga shi kuwa ba zan gama ba." Ya ce, "Na sani. Mutane sun bar aikinsu, sun ƙona mansu saboda ni. In fita in ce musu sun yi mini ɓarna?" Daga baya Mama ta gaya mini cewa ranar da kika dawo da su daga asibiti, ya sa kin tsayar da mota a ƙofar gonar kudu, ya zauna yana duban damin turakun har kika ce sanyi zai kama shi. Wannan ma ba ki rubuto mini ba.

Ban yi fushi da ke ba. Ko kuma in ce, ina ƙoƙari.

Naki,
Nolan

Dorland
Lahadi, 10 ga Disamba, 1989

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyalinki. Takardarki mai shafi shida ta iso, na ga inda tawada ta jiƙe. Ba sai kin ƙara neman gafara ba. Baba yana nan da sauƙi, jiya ya sha romo ya ƙara.

Na buga wa Farfesa Okerlund waya. Ta ce har yanzu ina iya rubuta cewa waɗansu mutane sun shiga gonar ba da izini ba, kuma ba ƙarya ba ne. Gaskiya ne, ba ƙarya ba ne. Na kwana biyu ina juya wannan jimlar. Amma ɗan sanda zai bi gida-gida yana tambayar wa ya hau tarakta ranar, kuma sunan farko da zai rubuta na tsoho Pete ne, wanda ya bar tasa huɗar ya zo ta ubanmu. Na ce mata babu rahoto. Ta ce, to, gurbin ya wuce ni, kundin kuma sai an sake daga tushe. Na ce na sani. Zan ɗauki hutun zango, domin wani zai shuka gonar nan da bazara, kuma ba Baba ba ne.

Jiya aka yi walimar godiya a zauren ƙasa na coci. Mama ta gasa naman alade da dankali, ta mayar wa kowace mace kwanonta da kek a ciki. Baba ba zai iya tsayuwa ya yi jawabi ba, saboda haka ni aka sa. Na tsaya a gaban mutanen da suka binne mini aikin shekara uku, na gode musu da sunan gidanmu, ɗaya bayan ɗaya. Na shirya kalmomin tun daren shekaranjiya don kada in faɗi abin da ba na nufi. Da na zo faɗarsu, na tarar ina nufin dukansu. Labari ya riga ya zagaya, ba wanda ya kira ni Farfesan Ciyawa, kuma na ji kewar sunan.

Game da Baba Arlo, zan gaya miki gaskiya: ban sani ba. Mutum ne da yake karanta kowace takardar da ofishin gona ya aiko. Ko da gaske bai san hatsin nan shuka shi aka yi ba, ko kuwa ya sani ya bar garma ta wuce, wannan tsakaninsa da Ubangiji. Abin da na sani shi ne injinsa ne ya fara shiga masarar Baba, shi ne kuma na ƙarshe da ya fita. Zan zauna da waɗannan biyun tare.

Ina sa kujeru a mota sai Gerrit ya biyo ni waje, yana waige-waige kamar mai sayar da kayan sata. Ya ce, "Kai, wannan gefen naka na gangare. Me ka zuba masa?"

Na ce, "Ban zuba komai ba."

Ya ce, "Ƙarya kake, ɗan boko. Garma ta bi shi kamar man shanu, sai da na leƙa ko ta fita daga ƙasa ne. Ga tsutsar ƙasa kamar taliya, tsuntsaye suka bi ni har ƙarshen layi. Da na tsallaka ɗaya rabin, tarakta ta fara nishi." Ya sosa ƙeya. "Ina da wani gangare da ruwa yake cinye mini kowace shekara. Eka ashirin. In kana so ka kafa turakunka a can, ban hana ba." Sai ya matso ya ƙara da cewa, "A bayan itatuwa yake. Ba a hango shi daga titi. In Arlo ya ji, ban san ka ba."

Na ce zan zo in duba. Ban nuna masa komai a fuska ba.

Ba digiri ba ne, Yaya, ba kuma aiki ba ne. Shekara uku ce sabuwa, a gonar wani, a ɓoye. Amma na kai damin turakun rumfa, na ajiye su inda ruwa ba zai taɓa su ba. Ban kwance igiyar ba. Gerrit ya iya ɗauri.

Ranar Talata ni zan kawo Baba asibiti. Abin da likita zai faɗa, ina so in ji shi duka, a cikin ɗakin, ba a baranda ba. Kada ki tace mini, kada ki zaɓa mini. Gara in ɗauki nauyin gaskiya da in ƙara zargin mutanen da suke ƙaunata.

Ki gaya wa Tessa littafinta yana cikin motar. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ba mu ƙarfin zuciya.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Nolan Hofstra